A Fara da Ma'aikaci Kafin a Sauya Masa Manhaja

Duk wanda ya ratsa unguwar Briqueterie ta birnin Yawunde ana saura kwana uku Sallah, ya san ƙarar kekunan ɗinki da ba ta yankewa har asuba. A irin wannan dare, da wani zai shigo shagon tela ya ɗauke masa tsohon kekensa ya ajiye masa sabo, ko da sabon ya fi kyau kuma ba a nemi ko sisi a hannunsa ba, telan ba zai gode masa ba. Ƙafarsa ta san nauyin feda, hannunsa ya san inda zare yake sarƙewa, ga kuma masu kaya a bakin ƙofa suna jira. Wannan misali ne yake faɗo mini a rai duk lokacin da na ji ana maganar raba ma'aikatan ofis da Microsoft Office a mayar da su kan LibreOffice ko wata manhaja irinta.

Ni dai ina cikin masu ganin ya kamata ofisoshinmu su yi wannan ƙaura, kuma zan kawo dalilaina. Sai dai na ga yadda garaje yake lalata ta, har mutane su tsani abin da aka kawo domin amfaninsu. A wani ƙaramin ofishi na wata ƙungiyar taimakon juna a nan unguwa, wani saurayi mai ilimin kwamfuta da kyakkyawar niyya ya shigo ranar Asabar, ya goge manhajar da ke kan kwamfutoci huɗun da ke wurin, ya saka LibreOffice. Ranar Litinin mai buga takardun ƙungiyar, wata dattijuwa da ta fara aiki tun zamanin tafireta, ta buɗe wasiƙar da za ta kai ofishin magajin gari, sai ta tarar tambarin ƙungiya ya sauko tsakiyar shafi, wurin sa hannu kuma ya tsallaka shi kaɗai zuwa shafi na biyu. Ta kira shi ta ce, "Ɗana, ban ce abinka ba shi da kyau ba, amma ƙarfe goma ake jira na." Kafin mako biyu an mayar da tsohuwar manhaja, kuma har yau idan aka ambaci sunan sabuwar a ofishin sai ka ji an yi tsaki.

Tun da mu ɗaliban harshe ne, bari mu fara daidaita kalmomi. Kowace manhaja an gina ta ne da jerin umarni da magina suka rubuta. A manhajar kasuwa, kamfani yana ɓoye wannan rubutu, abin da yake sayar maka shi ne izinin amfani, wato lasisi. A buɗaɗɗiyar manhaja kuwa rubutun a fili yake, kowa yana da damar karanta shi, ya gyara, ya raba wa wasu. Turancin Ingilishi yana da kalma ɗaya da take ɗauke da ma'anar kyauta da ma'anar 'yanci, shi ya sa ake yawan rikicewa a can. Faransanci ya raba su, Hausa ma ta raba su. Kalmar libre da ke cikin sunan LibreOffice 'yanci take nufi, kuma wanda ya fassara ta da kyauta ya yar da rabin maganar.

Ita wannan manhaja ba baƙuwar jiya ba ce. Asalinta StarOffice ce ta wani kamfanin Jamus, wadda kamfanin Sun Microsystems na Amurka ya saya a 1999, ya buɗe rubutunta a 2000 da sunan OpenOffice.org. Da kamfanin Oracle ya sayi Sun a 2010, da yawa daga cikin masu aikin sa kai suka ji tsoron makomarta, suka kafa gidauniyar The Document Foundation a watan Satumba na wannan shekara, suka fitar da LibreOffice ta farko a Janairun 2011. A cikinta akwai Writer na rubutu, da Calc na jadawalin lissafi, da Impress na gabatar da jawabi a allo, kuma tana aiki a kan Windows kamar yadda take aiki a kan Linux. A riƙe wannan magana ta ƙarshe, domin za mu dawo kanta.

Masu yaɗa buɗaɗɗiyar manhaja a Turai sukan fara da hujjar kuɗi, su lissafa abin da za a daina biyan kamfani. Wannan hujja ba ta da ƙarfi a Briqueterie, kuma gara mu faɗi gaskiya. Yawancin kwamfutocin da ke shagunan buga takardu da ƙananan ofisoshinmu na hannu ne da aka shigo da su daga Turai, kuma da Word da Excel a cikinsu ake sayen su, ba wanda ya ga rasitin lasisi. Mutumin da bai taɓa biya ba, in ka ce masa zai huta da biya, dariya zai yi maka. Saboda haka dole hujjar ta fito daga wani wuri.

Akwai maganar doka. Kamaru tana da dokar kare haƙƙin mawallafa ta ranar 19 ga Disamba 2000, wadda ta haɗa da manhajojin kwamfuta, kuma hedikwatar OAPI, hukumar kare haƙƙin fasaha ta ƙasashen Afirka 17, a nan Yawunde take. Ofishin da yake neman kwangila ko tallafi daga wata hukuma, alhali duk takardunsa da kayan sata ake buga su, ya bar wa kansa ƙofa a buɗe. Akwai kuma maganar lafiyar na'ura. Manhajar da aka fasa makullinta ba ta karɓar gyaran tsaro yadda ya kamata, kuma ƙaramar dabarar da ake fasa makullin da ita sau da yawa ita ce take shigo da cuta. Duk wanda ya taɓa kai filashinsa shagon buga takardu ya dawo gida ya tarar fayilolinsa sun ɓace ya san abin da nake nufi. Sannan a ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina tallafin da ya saba bai wa Windows 10, tare da Office 2016 da Office 2019, ita kuwa Windows 11 tana da sharuɗɗan da tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika ba. Inda kamfanin yake karkata yanzu shi ne haya, wato Microsoft 365, a biya kowane wata ko kowace shekara, kuma farashin yana bin kuɗin waje, alhali Yuro ɗaya kusan Sefa 656 ne. Kayan aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara.

Amma hujjar da ta fi duka nauyi a wurina ita ce ta mallakar takarda, kuma mu masu rubutun Hausa mun riga mun ɗanɗana ta. A shekarun 1990, lokacin da kwamfuta ba ta san haruffanmu masu ƙugiya ba, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya ƙera salon haruffa na musamman, irin su Rabi'at, domin a samu buga ɓ da ɗ da ƙ. Babbar hidima ce, kuma littattafai da mujallu masu yawa da ita aka buga su. Dabarar ita ce an ari mazaunin wasu alamomin da ba a cika amfani da su ba aka zaunar da haruffan a kai. To, idan aka buɗe irin wannan rubutu a kwamfutar da ba ta da salon, sai ka ga }asa a maimakon ƙasa, ka ga ]aya a maimakon ɗaya. Kowane ɗalibin Hausa da ya taɓa neman tsofaffin maƙaloli a intanet ya ci karo da wannan. Abin da ya warware matsalar shi ne Unicode, yarjejeniyar duniya da ta ba kowane harafi lambarsa ta dindindin, wadda ba mallakar kamfani ɗaya ba ce.

Darasin da ke nan shi ne, rubutun da ya dogara da kayan aiki guda ɗaya yana cikin hatsari ranar da kayan suka ɓace. Haka zancen yake ga zubin da ake ajiye fayil a ciki. LibreOffice tana ajiya a zubin ODF, wanda hukumar daidaita ma'auni ta duniya, ISO, ta amince da shi a 2006, kuma bayaninsa a buɗe yake ga duk mai son gina manhajar da za ta karanta shi. Zubin Microsoft na docx da xlsx ma ya samu amincewar ISO a 2008, sai dai bayaninsa dubban shafuka ne, kuma a aikace manhajar kamfanin ce kaɗai take bin dukkan lunguna da saƙonsa. Gwamnatin Afirka ta Kudu ta ɗauki ODF tun 2007, ta Birtaniya kuma a 2014 ta zaɓe shi domin musayar takardun da ake gyarawa. Rajistar ɗaliban makaranta, da littafin adashin ƙungiya, da yarjejeniyar hayar shago, duk takardu ne da za a nema bayan shekara ashirin, kuma bai dace buɗe su ya rataya a kan ko an biya hayar wata ba.

To, in hujjojin suna da ƙarfi haka, me ya sa ma'aikata suke turjewa? Masu kawo sauyi sukan yi saurin cewa sabo turken wawa. Wannan rashin adalci ne. Ma'aikaciyar da ta shekara goma sha biyar tana buga takardu ba ta tunanin inda umarni yake, yatsunta ne suke zuwa da kansu, kuma wannan saurin shi ne jarinta. A shagon da ake biya bisa yawan shafi, duk mintin da ta ɓata tana laluben inda ake saka lambar shafi kuɗi ne ya fita daga aljihunta. Bugu da ƙari, ba ita kaɗai take aiki a duniya ba. Ma'aikatun gwamnati da bankuna da jami'o'i da docx suke aiko da takardu, da shi kuma suke so a mayar musu. In tebur ya karkace a hanya, ita za a kira a yi wa faɗa, ba saurayin da ya saka manhajar ba. Wanda ya yanke shawarar sauyi yana cin ribarsa a rahoton ƙarshen shekara, wahalarsa kuwa a kan teburin akawu take sauka tun safiyar farko.

Manyan hukumomi a Turai sun riga mu shiga wannan ruwa, kuma akwai abin koyo a wurin biyu daga cikinsu. Majalisar birnin Munich ta Jamus ta yanke shawara a 2003 cewa za ta bar Windows da Office. Aikin ya ɗauki shekara goma, har aka mayar da kwamfutoci kusan 15,000 kan Linux. Amma ƙorafin ma'aikata bai yanke ba, musamman kan musayar takardu da sauran hukumomi da kuma manhajojin aiki na musamman da Windows kaɗai suka sani. A 2017 majalisar ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows, sannan a 2020 sabon ƙawancen da ya karɓi mulkin birnin ya sake bayyana fifita buɗaɗɗiyar manhaja. Ma'aikacin da aka yi ta jan sa gaba da baya haka, wa zai ga laifinsa in ya daina yarda da kowa?

Jandarmomin Faransa kuwa da sannu suka bi. A 2005 suka sauya manhajar ofis kaɗai zuwa OpenOffice, suka bar Windows a inda take. A 2006 suka kawo Firefox domin shiga intanet da Thunderbird domin wasiƙu. Sai a 2008 suka fara mayar da kwamfutocin kansu kan Ubuntu, wani nau'i na Linux. Lokacin da aka zo wannan mataki, jandarman da ke zaune a ofis ya riga ya shekara uku yana aiki da manhajojin da zai tarar a can, don haka abin da ya sauya a idonsa kaɗan ne. Har yau dubban kwamfutocinsu a kan wannan tsari suke. Jihar Schleswig-Holstein ta arewacin Jamus, wadda ta sanar a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutoci kusan 30,000 kan LibreOffice, ita ma da manhajar ofis ta fara kafin ta taɓa Windows. Sannu ba ta hana zuwa.

Ga abin da nake ganin ya dace da ofis mai kwamfuta huɗu ko goma irin namu. Da farko kada a goge komai. A saka LibreOffice kusa da tsohuwar manhaja, su zauna tare na wasu watanni, domin ranar da aiki ya matse a samu mafita. Daga nan a zauna da ma'aikatan a tattara takardun da suke bugawa kullum, waɗanda da wuya su wuce goma ko ashirin: takarda mai tambari, rasiti, takardar gayyata, jadawalin albashi. A sake gina kowace daga tushe a cikin sabuwar manhaja, tare da mai aiki da ita. Wasiƙar dattijuwar nan da ta wargaje, da muka duba daga baya, mun tarar da tazarar madanni da layukan banza aka tura kowane abu mazauninsa, kamar yadda ake yi a tafireta, ga kuma wani salon harafi na ado da babu shi a sabuwar manhajar. Aikin rabin sa'a ne da an yi shi ranar Asabar ɗin.

Sai maganar salon haruffa, wadda ita ce tushen yawancin karkacewar shafi. Akwai salo na kyauta da aka auna faɗin haruffansu daidai da na Microsoft: Carlito a madadin Calibri, Caladea a madadin Cambria, Liberation Serif a madadin Times New Roman, Liberation Sans a madadin Arial. In suna nan, layi yakan tsaya inda ya tsaya. Sannan a kafa ƙa'ida mai sauƙi kan abin da yake fita daga ofis. Takardar da karantawa kawai za a yi, a aika da ita a zubin PDF, wanda LibreOffice take fitarwa da dannawa ɗaya kuma ba ya sauya kama a ko'ina. Wadda za a gyara a mayar, a ajiye kwafinta a docx saboda mutanen waje. Asalin da zai zauna a ma'ajiyar ofis kuwa ya kasance ODF.

Horarwa ma ba ta zaman lacca ba ce. Mutum ɗaya a cikin ofis, wanda sauran ba sa jin kunyar tambayarsa, shi za a fara koya wa sosai, kuma a rage masa wani aikin domin ya samu sukunin taimakon 'yan'uwansa. A nuna wa masu lissafi tun ranar farko cewa umarnin da suka haddace da Faransanci, irin su SOMME da SI da RECHERCHEV, suna nan da sunayensu a Calc. A nuna wa masu rubutu cewa ana iya sauya fuskar manhajar ta koma mai shafuka a sama, kusa da wadda suka saba gani. Kuma a zaɓi lokaci. Kada a fara a ƙarshen wata da ake haɗa albashi, ko a farkon Satumba da makarantu suke komawa, ko lokacin da ɗaliban jami'a suka cika shaguna da kundayen kammala karatu.

Akwai inda ni kaina zan ce a dakata. Akantan da ya gina lissafin shekaru a kan ƙananan umarni na Excel da ake kira makro, ko wanda wata hukuma ta aiko masa da jadawalin da dole a cike shi yadda yake, a saya masa lasisi na halal a bar shi da aikinsa. Lasisi ɗaya da aka biya ya fi goma na sata. Akwai kuma masu cewa kasuwar aiki Word da Excel take tambaya, don haka koya wa yaro LibreOffice cutar da shi ne. Maganar tana da kama da gaskiya, amma wanda ya fahimci yadda ake tsara kanun rubutu da teburi da lissafin jadawali, kwana kaɗan ya ishe shi ya koma kowace manhaja. Telan da ya iya yanka da ɗinki ba sunan keke ne ya koya masa ba.

Yanzu ga rabonmu mu ɗaliban Hausa. Microsoft ya taɓa fassara Windows zuwa Hausa, kuma abin a yaba ne, amma kamfani ne yake yanke lokacin da zai yi da lokacin da zai bari, bisa lissafin kasuwarsa. A buɗaɗɗiyar manhaja ba sai an jira kowa ba. Mai duba kuskuren rubutu a LibreOffice sunansa Hunspell, wanda wani ɗan Hungary, László Németh, ya gina, kuma shi ne Firefox da Chrome suke amfani da shi. Ƙamusunsa fayil biyu ne kawai: jerin kalmomi, da jerin ƙa'idojin ɗafi. Ɗafa -n da -r na nasaba, kamar a gidan da motar, ƙa'ida ce da za a rubuta sau ɗaya. Jam'i kuwa, da yake gida yana ba da gidaje, littafi yana ba da littattafai, sai an bi kalma kalma. Za kuma a yanke shawara kan bambancin ƙa'idar rubutu, tun da Nijeriya tana rubuta 'ya'ya, Nijar kuma ƴaƴa. Wannan aiki ne na masu nazarin ginin kalma, kuma ajin ɗalibai ɗaya da malaminsu za su iya ɗaukar babban kaso daga cikinsa a zangon karatu guda.

Sauran kayan aikin ma suna kusa. Cibiyar nazarin harsuna ta SIL, wadda take da reshe a nan Yawunde, ta fitar da salon haruffa na kyauta irin su Charis da Andika masu ɗauke da haruffanmu duka, da manhajar Keyman mai ba da damar buga su a kan kowane allon madannai, har da irin na Faransa da ya cika kasuwarmu. Ta kuma fitar da Alkalami, salon ajami da aka zana bisa rubutun hannu na ƙasar Kano. A unguwar da yaro yake zuwa makarantar allo da asuba, ya yi boko da Faransanci da rana, ya yi ciniki da Hausa ko Fulatanci da yamma, ofishin da zai iya buga duk waɗannan a takarda ɗaya, ya kuma tabbata jikokinsa za su buɗe ta, ya samu abin da ya fi rangwamen lasisi.

Shawarata ga duk shugaban ofis ko makaranta ko ƙungiya da yake tunanin wannan ƙaura ita ce, kafin ya kira mai gyaran kwamfuta, ya ja kujera ya zauna kusa da mai buga masa takardu, ya tambaye ta waɗanne takardu ne ba za ta iya kwana ɗaya ba tare da su ba. Daga amsarta za a fara. Ga ɗalibai 'yan'uwana kuma, wanda yake da kwamfuta ya saka LibreOffice a wannan mako kusa da abin da yake da shi, ya buga aikin aji na gaba a ciki da ɓ da ɗ da ƙ na Unicode, ya rubuta duk inda ya yi tuntuɓe. Waɗannan tuntuɓen su ne za mu koyar da dattijuwar ofishin can yadda za ta kauce musu, in ta yarda ta sake ba mu dama.